Gyara

Kuran ya ɗauke a Bagalam tun magariba.
Na shimfiɗa kaye bisa tabarma, tocila a haƙori.
Baba Nomau ya dawo daga Kadro,
ƙaiƙayi a gira, tiyarsa a hammata,
ya zauna yana sosa ƙwauri.

Cima, ya ce, shekara huɗu ina biyan kabu-kabu zuwa jami'a.
Me kuke aunawa can?

Na ce, abin da ba ya rabuwa muke nema.
Ya yi dariya har ya ƙware.
Gonar kakanki ma ta rabu bakwai.

Na tsinci ƙwayar gero a naɗin wandonsa.
A daka ta, tsaki. A niƙa tsakin, gari.
A bi garin inda rariya ba ta zuwa,
inda ido ke gajiya ya koma gida,
sai zarra.
Ita ma ɗaki ce kusan wayam:
in cibiyarta ta kai wannan ƙwayar,
elektaron na can wajen famfon unguwa,
tsakaninsu ba kowa.

Ya juya tafin hannunsa, kanta bisa kanta.
In wayam nake, me ya hana buhu ratsa kafaɗata?

Ban yi saurin amsawa ba.
Na ce, ka tuna Madarunfa,
ran da ka jefa tsakuwa don ka ba ni dariya?
Abin da ya taho gaɓa yana rawa
ba baƙo ba ne, ruwan ne ya motsa.
Akwai tafkuna a ko'ina, ba sa jiƙa kowa,
sun cika ɗakin nan, sun cika tsakanin taurari.
Ƙwaya motsinsu ce.
Motsin buhu da motsin kafaɗarka
ba sa yarda su zauna wuri ɗaya.

A cibiyar kuma akwai kwak, uku-uku,
ba wanda ya taɓa kama ɗaya shi kaɗai.
Ka ja shi, igiyar ba ta saki,
in ta tsinke, kowane baki ya tsiro da sabo.
Duwatsun murhu, ya ce. Wuce nan, na gane.

Rana ta faɗi, na ce, amma aikenta bai tsaya ba.
Nutirino na ratso ƙasa ta ƙarƙashin tabarmar nan,
biliyoyi ta farcenka kafin ka ƙifta,
ba sallama, ba sai an jima.
Ya ɗaga ƙafa ɗaya.
Ya mayar.

Sauro ya yi kuka. Jakin maƙwabta ya amsa.
Sai na faɗa masa wadda ke hana ni barci.
Kowace ƙwaya da tagwaininta ake haifarta,
kama ɗaya, hali akasi.
In sun haɗu, su biyun su ƙone, haske ya rage.
Da lissafi ya tafi daidai tun farko
da babu gero, babu gulbi, babu Maradi,
sai haske yana neman abin haskawa.
Amma cikin kowane biliyan, ɗaya ta yi saura.
Malamarmu ta ajiye alli a nan, ta ce ba a gama sani ba.

Baba bai ce komai ba.
Ya jawo buhun da ke bakin ƙofa,
ya cika tiya, ya tsayar da tozonta
yadda yake yi shekara talatin,
ya juye a zanen Inna.
Sannan ya sa yatsu uku,
ya ɗebo kaɗan, ya watsa a kai.

Wannan, ya ce, ban taɓa rubuta ta a littafi ba.

Tocila ta fara ja.
Gobe jarrabawa, ba zan iya rubuta gyara ba,
za a ja mini jan biro.
Na rufe kaye.
Ƙwayar nan tana manne a gumin tafina,
ban kaɗe ta ba.