Biyu Saura Kwata

Kawu Aurèle ne ya koya min ɗaura su,
faifan nan da ake sa wa ƙafa
don kada dusar ƙanƙara ta haɗiye mutum har cinya.
Nasa na itace ne da saƙar fata, sun girme ni.
Nawa na kanti ne. Ya ce sun cika surutu.

Tun da duhu muka bar mota
inda hanyar masu yankan katako ta ƙare.
Kowace Fabrairu yana hawan dutsen nan,
wannan ce ta arba'in da ɗaya,
yana rubuta su da fensir a bayan ƙofar kicin.

Shi ke gaba, yana fasa hanya,
ni ina zuba ƙafata a ramin tasa.
Bishiyoyi sun sunkuya da farin kaya
kamar masu dako da aka hana saukewa.
Numfashi na fita, ya daskare a gashin baki.
Babu tsuntsu. Sawun zomo kawai,
shi ma ya yi gaba kaɗan ya sake shawara.

Inda bishiyoyi suka gajarce suka ƙare
iska ta same mu, ba sallama.
Ga ƙololuwar can, ana ganinta,
tulin duwatsu da sanda a tsakiya,
tafiyar rabin awa, in ji shi, in rana ta yarda.
Daga can, ya ce, babban kogi
kan zama kamar wuƙar da aka manta a kan tebur.

Sai igiyar takalminsa ta kwance.

Ya durƙusa. Ya cire safar hannu.
Na tsaya ina kallon yatsun da suka gina rabin rumfunan Cap-Chat
suna laluben zare kamar baƙi a garin.
Sau ɗaya. Sau biyu.
Ya kira ni Ghislaine, sunan uwata,
wadda muka binne shekara tara da suka wuce.
Agogo ya ce biyu saura kwata.

Na ce, Kawu, yatsun ƙafata sun mutu,
tun ɗazu ba na jin su.
Ƙarya ce. Suna nan da ɗuminsu
kamar 'yan kyanwa a kwando.

Ya dube ni, ya dubi sama,
ya daɗe yana duban sama.
Ya ce, ai na faɗa miki takalman kanti.
Ni na ɗaure masa igiyar, bai ce komai ba.
Na dura masa shayi mai sukari daga filas,
rabi a baki, rabi a gemu.

An ce ja da baya ga rago ba tsoro ba ne,
amma rago yana ja ne don ya dawo da karo.
Mu ban sani ba.
Shekararsa saba'in da uku.

Saukowa ni ce gaba.
Iska ta riga ta share sawunmu na safe,
kamar ba wanda ya taɓa zuwa.
Kowane taku goma ina waiwaye,
ina ƙirga shi: ɗaya. Har yanzu ɗaya.

A mota, da ɗumi ya fara cizon kunnuwa,
ya riƙe kofi da hannu biyu, ya ce,
Maude, yaya yatsun?
Na ce sun dawo.
Ya ce, da sauri haka.

Da dare na ga ya tsaya bayan ƙofar kicin,
fensir a hannu, ya jima.
Da ya tafi kwanciya na leƙa.
Ya rubuta kwanan wata, ba lamba,
a gefe kuma, ƙanana-ƙanana:
yarinyar ta ji sanyi.