Ciwon Yana Baya

A bikin 'yar Madam Kachollom ne, can Rayfield,
rawa ta yi rawa, na danna sandar jita,
muryar ta nutse kamar guga a rijiya.
Na saki, ta ƙi hawowa daidai.
Mai ganga ya harare ni,
wata tsohuwa mai gwaggwaro ta fashe da dariya.

"Tsirkiyarka lafiya lau," in ji Baba Ilu na Dilimi,
yana goge baƙin mai a gefen wando.
"Ku makaɗa gaba kawai kuke kallo.
Kifa ta. Ciwon yana baya."

Mako biyu ina jiran saƙo daga Ikko.
Ya iso a hannun kwandasta, ƙulle cikin leda:
sifirin uku, kowanne tsawon yatsa,
kuɗinsu ya ci rabin buhun dankali a Farin Gada.
Uwani ta jujjuya su a tafinta,
ta ce, "Wannan ne?" ta koma kan miya.

Da dare ruwa na dukan kwano.
Na kifa jitar bisa matashi
kamar yaron da za a yi wa allura.
Noti shida, na tara su a murfin kwalba,
na ɗaga marfin da ban taɓa ɗagawa ba
shekara tara muna tafiya.

Ga su nan kwance, tsatsa ta yi musu lalle.
Su ke jan jakin ta ƙasa
yayin da tsirkiya shida ke jansa ta sama,
ba a taɓa yi musu liƙi ba,
ba a taɓa ɗaukarsu hoto ba.
Na tsakiya ya saki jiki,
ya gaji da jayayya.

A cikinsa kuma, an cusa wani ƙyalle
don ya hana shi ƙara.
Shuɗi ne, mai ɗigon fari.
Na san rigar.
Dachung ke sa ta ran Lahadi,
Dachung da ya koya min ɗora yatsu a bayan cocinsu,
ya sayar min da jitar rabin kuɗi
shekarar da ya kwashe kaya daga unguwarmu,
da titi ɗaya ya zama iyaka,
aka daina tsallakawa ko don gaisuwa.
Na daɗe riƙe da ƙyallen nan
har shayina ya huce a kofi, ban ce komai ba,
sai ruwa ke magana a kan indararo da hanya.

Sai aka ɗauke wuta.
Binto ta haska min da waya, hannunta na rawa.
Na maƙala ɗaya, na ja da filaya,
ya kuɓuce, ya yi tsalle, ya shige ƙarƙashin gado.
Muka bi shi a rarrafe, uba da 'ya.

Abin da Baba Ilu bai faɗa min ba:
sabon ƙarfe bai san sulhu ba.
Ya fizgi jakin har ya durƙusa.
Na sassauta noti kwata, na sake saiti,
tsirkiya ta rinjaya, jaki ya ɗaga gindi.
Na ɗaure kaɗan. Na sake saiti.
Ka gyara ta farko, ta shida ta yi fushi.
Haka dai, haka dai,
har ladan ya gyara murya.

Kafin in rufe,
na mayar da ƙyallen cikin sabon na tsakiya.

Ban kunna lasifika ba, maƙwabta na barci.
Na kaɗa ɗaya, na danna sandar a hankali,
sautin ya gangara kamar mota a Hawan Kibo,
na riƙe numfashi, na saki.
Ya hawo. Ya tsaya inda na bar shi.
Binto na gyangyaɗi, ta ce, "Baba, ya warke?"
Na ce, "Je ki kwanta."
Na ɗauki wayar, sauran caji kashi huɗu,
na shiga laluben wata tsohuwar lamba
da ban san ko tana shiga ba har yanzu.