Kayen Assumana

Makulli uku ya damƙa mini a asibitin Tawa,
hannunsa ba nauyi, kamar busasshen kara.
Ya ce, "Tankari, kai ne wasiyyina."
Ban ce na yarda ba, ban ce na ƙi ba.
Kafin la'asar ya cika.

Ranar bakwai aka naɗe tabarmi,
idanu suka juyo kaina.
Babban ɗansa ya sauka daga Agadas da lissafi a baki:
gidan Bilbis, shagon kasuwa,
albasa buhu tamanin.
Na ce masa gado ne ƙarshen layi.
Likkafani ya riga shi,
bashi ya riga shi,
wasiyya ma, in ba ta haura sulusi ba.

Ni na rufe shago, ina da wannan ikon.
Ni na sayar da albasa kafin ta ruɓe,
aka ce na karya farashi. Na ji.
Na biya mai kura jikka goma sha biyu,
na biya wata tsohuwa kuɗin daddawa
da ita kanta ta manta.
Amma in ƙara wa Habsu ko dala a kan tumuninta,
ita da ta yi jinyarsa damina biyu,
wannan ƙofar ba a ba ni makullinta ba.

Wani dare ina bin kayensa da cocila,
rubutu kamar sawun kaza,
sai ga sunana.
Tankari, jikka saba'in,
shekarar da aka yi wa 'yarsa aiki.
Bai taɓa tuna mini ba,
ni ma na bar zancen ya kwanta.
Bai ja layi a kai ba.

Takardar ba ta da kauri.
Ba kowa a ɗakin sai ni da sauro.
Na daɗe riƙe da gefenta.

Ran Lahadi na ja ragon layyata kasuwa.

Da aka taru rabo gaban malam
na karanta waɗanda yake bi, ɗaya bayan ɗaya,
na karanta kaina da muryar da na karanta sauran.
Ɗan ya dube ni, ya sunkuyar da kai.

Makulli biyu na miƙa.
Na ukun na akwatin Zali ne,
shekararta tara.
Yana wuyana a igiya har yanzu.
In rana ta take,
sai in ji ƙarfen yana ƙona mini ƙirji.