Wanda Bai Zo Ba

A lakwal ɗinmu ta Garin Malam
ba mu da taswira, sai ƙasa.
Mushe Girema ya share gindin dogonyaro da gefen takalminsa,
ya ce mu tsugunna, yau Watarlo za mu.

Murafun kwalba su ne Faransawa,
dubu saba'in da ɗoriya, kowane murfi mutum dubu biyu.
Ƙwallayen dabino Ingilishi da abokan tafiyarsu,
ya jera su bayan tudun da ya tara da tafin hannu.
Can wajen randa, tsakuwa baƙa-baƙa:
mutanen Furusiya, waɗanda aka kora shekaranjiya,
aka ɗauka sun tafi ke nan.

Sai ya ɗauki buta ya tuttule a fagen.
A Damagaram fa, inda uwayenmu ke kwana a layin famfo!
Ya ce haka aka kwana ana ruwa,
igwa ba ta tafiya cikin taɓo,
mai sarauta ya zauna jiran rana ta shanya masa ƙasa,
rana kuwa ba sojansa ba ce.

Ya raba mana muƙami.
Kanta ya samu Faransa don shi kaɗai ke da hula.
Zuwaira, da magana ke yi wa wuya,
ita ce janar ɗin Ingila:
aikinki ki tsaya, ko ana yanka ki.
Tsohon Furusiya, ɗan saba'in da biyu da dokinsa ya danne,
aka ba Ilu mai ɗingishi, har yana murna.
Ni aka ƙirgo murfi goma sha shida,
aka zuba mini a aljihu:
marshal, bi sawun waɗanda suka gudu. Je ka bayan aji.

Na je bayan aji.
Akwai magarya a can, ta nuna.
Ina ci ina jin su, ana harba igwa da baki,
dawakin Faransa suna karo da Zuwaira suna komawa,
Kanta yana ƙwala mini kira har muryarsa ta dushe.
Ni dai an ce in bi sawu.
Ba wanda ya ce in dawo.

Ilu ne ya iso, yana jan ƙafa, da tsakuwarsa a riga.

Ko da na leƙo, an sa tsintsiya.
Murfi da ƙwallo da tsakuwa, tari guda, ba a gane na wa.
Mushe ya ɗaga ɗaya mai tsatsa:
wannan, uwa dubu biyu ne.
Sannan ya dube ni. Ka ji igwa?
Na ji, Mushe.
To, in ka ji igwa, igwa ake nufa.

Shekara talatin da ɗaya.
Ina Agadas da lodin siminti, Zuwaira ta kira,
ita da ba ta kira:
Mushe yana babban asibiti, sau biyu yana tambayarka.
Takardar hannuna ta ce Arlit.
Mai mota ya ce Arlit.
Na ce kwana biyu ne, in sauke in juyo.

Na shigo ta hanyar Tanut bayan la'asar.
Tabarmi a ƙofar gida, takalma birjik,
ƙafafun mutane da jar ƙasar makabarta.
Ilu ya taso daga Diffa a bayan babbar mota, ya samu wanka.
Ba wanda ya ce mini komai.
Kanta ya matsa, ya ba ni wuri.

Yanzu in an buɗe lemo a tasha
murfin ya faɗi, sai in tsinci kaina a duƙe.
Matata ta gaji da jin ƙararsu a bahon wanki.
Ta ce na mene ne?
Na ce mutane ne, bar su.