Goron da Ya Ƙi Rabuwa

Motar kurmi ta iso Mariri da la'asar,
muka kwance huhu, muka juye a kan algarara.
Ni ne akawu, biro yana hannuna:
dubu takwas da ɗari da casa'in da ɗaya.

Mutum bakwai suka haɗa jarin.
Na kasa bakwai, ɗaya ya tsaya yana kallona.
Baba Ɗanjummai ya ce, "Yaro, idonka ne,
kasa biyar mu gani." Ɗaya ya rage.
Biyu, uku, tara, goma, sha uku,
kowane kashi sai ya bar guda a gefe,
fari sol, kamar baƙon da ba a san mai masaukinsa ba.
Aka kira magariba, ban rufe littafi ba.

Sai ga Tasallah da kwanon tuwon babanta,
ita da ke karatun lissafi a Bayero.
Ta leƙa littafina, ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Ku huta," in ji ta, "gwauron adadi ne.
Ɗaya kaɗai ke shiga gidansa, sai shi kansa.
In ka gwada har tamanin da tara bai buɗe ba,
kada ka ƙara buga masa ƙofa.

Ɗauki goro guda, ka yi ta ninkawa
har sau goma sha uku, ka zare ɗaya: shi ke nan.
Danginsa ba su cika zaure ba:
uku, bakwai, talatin da ɗaya,
ɗari da ashirin da bakwai, sannan shi.
Dubu biyu da arba'in da bakwai ya taɓa shigar gidan,
ashirin da uku ta kware masa zane a kasuwa.

Waɗansu tagwaye ne, kamar sha ɗaya da sha uku.
Shi ba Hassan ba ne, ba shi da Husaini.
Koma baya taku biyu, sha tara ta yanka wancan,
matsa gaba taku biyu, uku ta raba wannan."

Baba ya saurara har ta kai aya.
Ya miƙa hannu, ya ɗauki na gefen,
ya ɓare, ya ba ta rabi, ya jefa rabi a baki.
"To, kasa yanzu."
Kowa ya tashi da dubu da ɗari da saba'in,
ko ɓawo bai rage a tabarma ba.

An tashi lafiya. Ni dai raina bai so ba.
Tsohon bai raba shi ba, maƙwabcinsa ya raba.
Shi yana nan a shafin Talata, da jan biro,
ko gezau.

A adaidaita sahu, hanyar Gwammaja,
ina bin lambar motar da ke gabanmu,
ina kasa ta bakwai a zuci,
ina fatan ta ƙi.