Awo a Daren Laraba

Tun la'asar ruwa ke dukan taga a Kajaani.
Baba ya ture kofuna, ya shimfiɗa taswira a teburin kicin,
ya danne kusurwa ɗaya da gwangwanin gishiri,
ɗaya da tabaraunsa,
sannan ya shiga neman tabarau.

Hanyar zobe ce, kilomita sittin da ɗaya cikin daji:
inda ka bar mota, nan za ka dawo ka same ta,
in ƙafa ta yarda.
Na ce kwana huɗu. Ya ce uku.
Na dubi gwiwarsa ta hagu. Ba ta tanka ba,
amma jiya na ji ƙararta a kan matakala.
Muka rubuta biyar.
Sannu ba ta hana zuwa.

Ta dama za mu shiga, ko ta hagu?
Dama, tudu ne tun da sassafe, jaka maƙil.
Hagu, fadama ce, katako biyu a jere bisa laka,
masu santsi in an yi ruwa, kuma kullum sai an yi.
Ya ce a bar tudu sai ranar ƙarshe,
bayan mun cinye nauyin.
Nan kam ban ja da shi ba.

Ya bi shuɗin zare da farce yana ƙirga ruwan sha:
rafi nan, tafki nan,
sai kilomita sha huɗu babu ko ɗigo,
dogayen itatuwa kawai da gansakuka.
Bukkar katakon dare na biyu ba ta da kwaɗo;
wanda ya riga isa ya hura wuta,
ya matsa wa na baya.

Gadar da ke taswirarsa ta shekara talatin.
Na kira Ritva a ofishin gandun daji,
ta ce bara da ƙanƙara ta narke, ruwa ya tafi da ita,
an gina wata can sama, ƙarin awa guda.
Baba ya ja sabon layi da fensir, a hankali,
kamar mai gyara wa tsohon aboki zance
ba ya so ya kunyata shi.

Sai sikeli. Komai sai da ya hau:
baƙin burodi, busasshiyar miya, ashana cikin leda,
maganin sauro, safa uku-uku,
da butar kofi mai baƙin gindi, giram ɗari huɗu.
Na ce a bar ta.
Ya ce, "Pihla, in babu ita, wahala kawai za mu je sha."
Buta ta shiga.

Tasa kilo sha huɗu, tawa sha uku. Shi ya nace.
Ina 'yar shekara tara, a wannan dajin,
ya ɗauki jakarsa da tawa,
awa biyun ƙarshe har da ni.

Da dare ya raba, minsharinsa ya daidaita,
na sauko ba fitila, ba takalmi,
na zare sandunan tanti daga jakarsa.
Na buɗe tawa in cusa,
sai hannuna ya faɗa rami:
babu risho, babu gwangwanin gas.
Na same su can ƙasan tasa,
a naɗe cikin rigar sanyinsa, kada su yi ƙara.
Ashe ɓarawo ya riga ɓarawo.

Na daɗe tsaye, sanyin daɓe na cin tafin ƙafata.
Na bar masa risho.
Na ɗauki sanduna, na haɗa da butar.

Da safe ya ɗaga jakarsa, ya ɗan jinjina ta,
ya dube ni ta saman tabarau.
"Kin sa ashana?"
Na ce na sa.
"To ɗauko makullin mota,
ruwan ya tsagaita."