Dunƙulen Arzika

Da bazara na sayi filin,
can gangaren Mabera, iyakar inda kuɗina suka kai.
Ƙasa ta daddare kamar dugadugan manomi.
Na jefa tsakuwa cikin tsaga ɗaya, ban ji saukarta ba.

Aka kira mini Arzika,
tsohon da rabin salgar unguwa haƙarsa ce.
Bai dubi takardar fili ba.
Ya kafta diga sau uku, ya durƙusa,
ya ɗebi ƙasa, ya ɗiga mata ruwan buta,
ya murza tsakanin tafuka
har ta miƙe siririya kamar igiyar guga, ba ta tsinke ba.

"Wagga laka ta," in ji shi.
"Da rani buɗe baki, da damana kumburi.
Ba ta shan ruwa, riƙo nata.
In ka aza mata bango, wata rana ta girgiza kahwaɗa."

Na ce ai na riga na biya.
Ya ce, "Mai hili ka biya. Ita ba ka biya ta ba."

Muka zauna gindin aduwa,
ya yi ta lissafo su kamar surukansa.
Jigawa mai sakin hannu, kome ka zuba ta shanye,
shekara goma salga ba ta cika ba,
sai dai ka ɗaure ramin da bulo kada ya rufta da kai,
kuma ka nisanta shi da rijiya,
don jigawa ba ta riƙe asirin abin da ta haɗiya.
Marmara mai cin bakin diga,
kwana huɗu kafin rami ya kai maka ƙugu,
amma ɗora mata bene, ko gezau.
Farin dutsen Kalambaina ya ambata da ladabi,
ya ce wannan ya fi ƙarfin talaka, sai inji.
Da ya zo kan fadamar Kwalkwalawa sai ya yi murmushi,
can mahaifinsa ya yi albasa har ya tsufa.

Na ba shi kuɗin goro, na sallame shi.
Na kira yaro mai arha,
harsashi kamu biyu, yashi ya fi siminti yawa.

Damina ta farko, lafiya.
Ta biyu, cikin Agusta, da asuba,
na ga zare a bangon gabas, daga taga zuwa ƙasa.
Kafin kaka yatsana na shiga.
Sokawe ya cika ya tumbatsa, ya dawo mana da saƙonmu,
maƙwabci Jabbi ya daina shimfiɗa tabarma a ƙofa,
bai ce kome ba,
da ma ya yi magana.

Ige kuwa, ba ta shawarci kowa ba.
Bayan ɗaki, nesa da ramin,
ta kwaɓa lakar da toka da kashin awaki da ɗan rairayi,
ta ja kunya biyar.
Kuɓewa ta fi ta tsawo.
Yakuwa, tattasai, da wata kabewa
da ta haura bangon nan, ta bi ta tsagar, ta leƙo ɗaki.
Bokiti ɗaya ya ishe ta kwana uku,
ƙanwarta a kan tudu tana ban ruwa safe da yamma,
gonarta na kukan ƙishi.

Bana na koma neman Arzika,
aka ce ya rasu da azumi.
Ɗansa ya zo da digar, ƙotar ta yi santsi.
Ya haƙa har ya wuce laka, ya iske jar ƙasa mai tauri,
ya ce daga nan za a taso.
Mun cika da tsakuwa, mun ɗaure da rodi.
Kuɗin ya kai na filin sau biyu.

Dunƙulen da tsohon ya murza ran nan,
na tsince shi gindin aduwa, ban san dalili ba.
Yana kan taga, ya bushe kamar ƙashi.
Shatin babban yatsansa na nan a jiki.